Na binne awakina ban ɗauki hoto ko ɗaya ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son in ba da wannan labarin amma duk sanda na fara sai zuciyata ta yi nauyi in ajiye, yau dai na ce bari in daure, ko Allah zai sa wani ɗan uwa da ke kiwo ko noma a ƙasar nan ta Amurka ya amfana, don abin da ya same ni rabinsa ƙaddara ce rabinsa kuma taurin kaina ne.

Ni ɗan wani ƙauye ne a gabashin Kano. Gidanmu ba gidan masu kuɗi ba ne amma ba a taɓa rasa awaki da tumaki a turke ba, ga kuma 'yan shanu da ke hannun wani Bafulatani aminin Baba. Abin da na tashi na gani shi ne Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya faɗin yawan dabbarsa ko ga wa. In ka tambaye shi sai ya ce alhamdulillahi akwai na Allah, shikenan. Ya sha ba mu labarin zamanin jangali, yadda in an ji masu ƙirga za su zo ake kora shanu daji cikin dare, a bar ƙwaya biyu uku a gida don a samu abin nunawa. Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979, lokacin ina ɗan yaye, amma tsoron bai bar Baba ba har ya koma ga Allah. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Maganarsa kullum ita ce, duk wanda ya zo da biro da takarda yana tambayar dabbarka ba alheri ya kawo maka ba. Da wannan maganar na girma, da ita kuma na hau jirgi.

Na zo Amurka a 2008 ta hanyar bizar lotiri, lokacin ba a cire Najeriya ba. Na sauka Dalas a jihar Texas, na yi aikin sito, na yi gadi, daga baya na samu lasin tuƙa babbar mota, na ɗauko iyali. Abin da ya mayar da ni kiwo kuwa nama ne wallahi. Duk sanda aka yi haihuwa a cikinmu ko Babbar Sallah ta zo sai ka ga mutane na ta wahalar neman inda za su samu rago ko bunsuru su yanka da hannunsu, ni kuma da yake na san dabba, ni ake turawa in zaɓo. A haka na gane ashe Texas ita ce kan gaba a kiwon awaki da tumaki a duk Amurka, na fara zuwa gwanjon garin San Angelo ina kallon yadda ake ciniki. A 2018 na samu fili eka 240 a wata gunduma, su kawunti suke cewa, tafiyar awa biyu da rabi daga gida. Filin wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, muka yi magana baki da baki, ina kai mata kuɗin haya a hannu sau biyu a shekara, ba takarda ba sa hannu. Awakin ma haka na riƙa saye, biyar nan goma can, a hannun mutanen da ke tallarsu a Facebook, in ƙirga kuɗi in loda a a-kori-kura in tafi. Ban taɓa cewa a ba ni rasit ba.

Maƙwabcina wani dattijon Bature ne mai shanu, an haife shi a wannan filin nasa, ya haura saba'in. Mutumin kirki ne, shi ya koya min gyaran waya, shi ya ce in sayi jaki da babban kare saboda wani irin dila da suke kira kayoti mai ɗauke 'yan awaki. Tun shekarar farko ya ce min in je ofishin FSA na gundumar, wato reshen ma'aikatar noma ta USDA da ke hulɗa da manoma, in yi rajista a ba ni lambar gona. Na ce to. Ya sake faɗa, na sake cewa to. A raina kuwa cewa nake wannan bai san dawan garin ba, ni baƙo ne, katin zama kawai gare ni ban zama ɗan ƙasa ba, ga shi a shekarun nan ana ta jita-jita a cikinmu cewa duk wanda ya karɓi ko sisin gwamnati za a hana shi takardar ɗan ƙasa. In ɗauki ƙafata in je in faɗa wa hukuma yawan dabbata? Muryar Baba kawai nake ji.

Farkon 2021 ina da uwaye 96, awaki da tumaki, a kaina nake riƙe da su, kowacce na santa da kamanninta. Yawancinsu sun ɗauki ciki, haihuwa ta faɗo tsakiyar Fabrairu. Da aka fara sanarwar sanyi na zuwa ban ɗauke shi da zafi ba, don sanyin Texas kwana biyu ne ya wuce. Duk da haka na tafi gonar ran Asabar 13 ga wata da buhunan abinci da fitilun ɗumama jarirai, na ce wa maiɗakina Litinin zan dawo. Ban dawo ba sai bayan kwana takwas.

Daren Lahadi dusar ƙanƙara ta sauko, kafin asubar Litinin 15 ga wata aka ɗauke wuta, ba mu kaɗai ba, miliyoyin gidaje a jihar. Fitilun nan da na dogara da su suka zama banza. Famfo ya daskare, tafkin da suke sha ya zama dutse, da gatari nake fasa shi, kafin in juya ya sake haɗewa. Washegari a Dalas sanyi ya kai kusan 19 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Kuma a daidai wannan lokacin ne awakin suka fara zubo 'ya'ya. Ɗan akuya yana faɗowa a jiƙe yake, in ba a goge shi ya sha dakashi da wuri ba a irin wannan sanyin ko rabin awa ba ya yi. Ni kaɗai ne, da tocila a baki, ina goge wannan da tawul sai in ji kukan wata a can ƙarshen rumfa, kafin in isa na tarar ɗan ya sandare, uwar na ta lasarsa tana tura shi da hanci wai ya tashi. Wannan abin har yau in na rufe ido ina ganinsa. Na kwashi waɗanda ke da sauran numfashi na zuba su a gaban mota, ƙasan kujera da kan kujera, na kunna hita, wasu na cusa su cikin rigata a ƙirjina, ina zaune ina kallon allurar mai tana sauka ina lissafin awa nawa ya rage, hanya kuma ba ta biyuwa balle in je gidan mai. Yatsuna sun daina jin komai. Da taimama na yi sallolin kwanakin nan, a zaune cikin mota, 'yan awaki na kuka a ƙafafuna. Dattijon nan ne ya ratso da tarakta rana ta uku ya kawo min jarkar mai da ruwan zafi a fulas, shi ma ya rasa maruƙa.

Da rana ta fito ƙanƙara ta narke na tattara gawarwaki. Jarirai 41, uwaye 13. Na jera su bayan rumfa na tsaya ina kallo, ban yi kuka ba a lokacin, kaina ne kawai ya yi fayau. Dattijon ya zo da taraktarsa zai haƙa min rami, kafin ya fara sai ya ce, ɗauko wayarka ka ɗauki hotonsu tukuna, ɗaya bayan ɗaya, gwamnati na biyan wani abu a kan irin wannan. Wallahi sai na ji maganar ta soke ni. Hoton me? Dabbobin da na raina da hannuna suna kwance a sandare in tsaya ina musu hoto kamar abin talla? Na ce masa a'a, Allah ne ya ba ni shi ya karɓa, mu rufe kawai. Ya dube ni ya daɗe, ya ce to naka ne, ya tada tarakta. Ya ƙara da cewa in dai na canza shawara kar in wuce wata ɗaya ban je ofis ba. Ban je ba. Na ce wa kaina tawakkali ne, amma yanzu in na zauna na faɗa wa kaina gaskiya, tsoro ne da girman kai na lulluɓe da sunan tawakkali. Jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu a wannan sanyin, don haka na san nawa mai sauƙi ne, amma sauƙin bai hana shi zafi ba.

Wahalar gaske daga baya ta zo. Na riga na karɓi kuɗin kafin alƙalami a hannun mutane na ragunan layya, Sallah kuma ta kama 20 ga Yuli. Wasu na mayar musu da kuɗinsu, wasu kuma kunya ta hana, na je gwanjo na sayo da tsada na ba su a farashin da muka yi tun farko. Da katin bashi na yi wannan, abin da na rantse ba zan taɓa ba saboda kuɗin ruwa. Na koma tuƙi dare da rana, gida na zama ba na magana, yara in sun ji shigowata sai su yi tsit. Wata rana da daddare maiɗakina ta zauna kusa da ni ta ce, "Maigida, don Allah ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kai kake biyan haraji duk shekara a ƙasar nan, ba ka taɓa ɓoye ko dala ɗaya ba. To me kake ɓoyewa a awaki? Baba Allah ya jiƙansa zamaninsa daban ƙasarsa daban." Na yi fushi a daren, ban amsa mata ba. Da safe na kira limaminmu na tambaye shi ko karɓar irin wannan kuɗin bara ce ko akwai haramci, ya ce ba bashi ba ne balle a yi maganar ruwa, tallafi ne da hukuma ta ware wa wanda bala'i ya shafa, in dai ban yi ƙarya a cikin bayanina ba halal ne.

A watan Agusta na je, dattijon ne ya raka ni. Ofis ne ɗan ƙarami a hedikwatar gundumar, mata uku a ciki, kowa ya san kowa. Matar da ta saurare ni ta yi min bayani a natse. Ta ce mai katin zama ya cancanta kamar ɗan ƙasa. Ta ce akwai shirin da ake kira LIP, yana biyan kashi 75 cikin ɗari na kuɗin dabbar da bala'in yanayi ya kashe, bayan an cire adadin da aka saba rasawa a shekara ko ba bala'i. Amma dokar lokacin ita ce a sanar da su cikin kwana 30. Ta ce ko da kwamitin gunduma, wanda manoman wurin ne ke zaɓensa a tsakaninsu, ya duba uzurina a kan lattin, dole in nuna shaidar dabba nawa nake da su kafin sanyin da kuma nawa suka mutu. Maƙwabcina zai iya sa hannu a kan ya ga gawarwakin, amma yawan garken fa? Ta fara lissafo min, rasit na saye, takardar likitan dabbobi, littafin haihuwa, lambar kunne, takardar banki, hoto mai kwanan wata. Kowanne ta ambata sai in girgiza kai. Ta tambayi takardar hayar fili, nan ma babu. A takarda dai ni ban taɓa mallakar akuya ko ɗaya ba a Amurka. Ba ta wulaƙanta ni ba, ita ma na ga abin ya dame ta, amma ba abin da za ta iya. Da muka fito na zauna a mota, a nan ne kukan da ban yi ba a Fabrairu ya zo, dattijon ya yi shiru yana kallon waje har na gama.

Ban bar garin ba ran nan sai da na cike takardun rajista. Sati na zagayowa na je wurin tsohuwar mai fili da 'yarta muka rubuta yarjejeniyar haya, aka haɗa sunana da lambar gonar. Na sayi lambobin kunne masu ruwan ɗorawa da abin maƙalawa, na sayi littafi mai kauri. Ranar da na fara rubuta adadin dabbobina a takarda hannuna har rawa yake, kamar ina saɓa wa Baba.

Sai ga 2022 da fari. Tun bazara ruwa ya ƙi, zafi ya wuce misali, ciyawa ta ƙone ƙurmus har ƙasa ta tsage, tafkin nan da na fasa da gatari ya koma busasshen taɓo. Dunƙulen busasshiyar ciyawa da nake saye dala 50 ko 60 sai da na saye shi 130, shi ma daga wata jiha ake kawowa. Dattijon ya koya min dabarar kakanninsa, akwai wani kaktos mai faɗin ganye da ya cika filayen nan, sai a bi shi da wutar gas a babbake ƙayar dabbobi su ci, suna jin ƙarar wutar za ka ga sun sheƙo a guje. A watan Yuli layin motocin masu kai shanu gwanjo a wasu garuruwan ba ka ganin ƙarshensa, kowa na rage garke. Ni ma bayan Sallah na sayar da uwaye 25, har da waɗanda ban so rabuwa da su ba.

Wannan karon dai ina cikin littafi. Na kai rahoton filin kiwona kafin 15 ga Yuli kamar yadda ake buƙata. Shirin fari sunansa LFP, kuma ba wani jami'i ne zai zo ya duba gonarka ya ga dama ko kar ya ga dama ba, da taswira ake aiki. Akwai taswirar fari ta ƙasa da ake fitarwa duk ranar Alhamis, jami'ar Nebraska da hukumomin gwamnati ke haɗa ta, an kasa fari mataki-mataki, D4 ne mafi tsanani. A ƙa'idar 2022, in gundumarku ta yi sati takwas a jere a matakin D2 kuɗin abincin dabbobi na wata ɗaya ne, in ta taɓa D3 wata uku, in ta yi sati huɗu a D4 wata biyar, wanda shi ne ƙarshe. Kuma kashi 60 cikin ɗari na kuɗin abincin ake biya. Duk Alhamis da safe sai in tsaya a gefen hanya in buɗe waya in duba launin gundumarmu, daga ruwan lemo ta koma ja, daga ja ta koma ja mai duhu kamar busasshen jini. Akwai ranar da na kama zuciyata tana jin daɗi don launin ya ƙara duhu, alhali da asuba na gama roƙon ruwa. Na yi istigfari sosai ran nan, don na ga yadda bashi ke iya juya zuciyar mutum.

Mun kai matakin wata biyar. Amma lissafin yana da wani sharaɗi da ban sani ba, ana duba kuɗin abincin dabbobinka, a duba kuma dabba nawa filinka zai iya ɗauka a ƙa'idar gundumar, sai a biya wanda ya fi ƙanƙanta. Ni na tara dabbobi fiye da ƙarfin filin, don haka da filin aka yi min lissafi. Abin da ya shigo asusuna dala 1,600 ne da 'yan kai. Sai kuma wani shirin, ELAP, da ya mayar min da wani ɓangare na kuɗin jigilar ruwa da ciyawa, don wannan karon duk tafiya na rubuta mil nawa na ajiye rasit, kuma da yake ban kai shekara goma da fara kiwo ba an sa ni a sahun sabbin manoma, kasonsu ya fi na saura.

Kar wani ya ɗauka kuɗin nan yana mayar da mutum inda yake. Ba ya yi. Nawa ciyawar 'yan makonni ya saya, kuma ya zo ne bayan na riga na sayar da abin da na sayar. Tunda da yawan dabba da faɗin fili ake lissafi, masu manyan garke su ke kwasar mai tsoka, har zuwa iyakar dala 125,000 a shekara a shirin LFP, irinmu kuwa sai ɗan abin da ya samu, kuma a ganina ƙaramin makiyayi shi ya fi kusa da durƙushewa, ya kamata a ce an fi duba shi. Amma wannan ɗan kuɗin shi ya hana ni sayar da ragowar uwayen, da shi na kai har ruwa ya sauko. Kuma ya shigo ne kai tsaye, ban san kowa ba, ban bi ta hannun kowa ba, ba wanda ya ce in ba shi nasa kason.

A wannan shekarar dai, ina nan ina sayen ruwa a tanki, Yayana ya kira ni daga gida ya ce ambaliya ta shanye masa shinkafa gaba ɗaya, shekarar da ruwa ya yi ɓarna a Jigawa da jihohi da yawa. Na tambaye shi ko an rubuta sunansa a wani wuri, ya ce an zo an rubuta, suna jira. Na tura masa abin da ya sawwaƙa daga cikin kuɗin. Da na ba shi labarin yadda na samu sai ya ce, "Kai yanzu har gwamnati ka faɗa wa yawan awakinka?" Na ce eh Yaya, har da lamba a kunne. Ya yi shiru, can ya ce Allah ya jiƙan Baba, na ce amin.

Na gama biyan katin bashin nan a 2023, na yanke shi da almakashi. Na rage garken zuwa abin da filin zai iya ɗauka, na matsar da haihuwa zuwa ƙarshen Maris, na sayi janareta. Dattijon ƙafa ta fara ba shi matsala, yanzu ni nake duba masa waya in na je. 'Yan uwa biyu da suka fara kiwo bayana, ɗaya ɗan Nijar ɗaya ɗan Ghana, da kaina na kai su ofishin gundumominsu tun kafin su sauke akuyar farko.

Duk ƙarshen wata ni da babban ɗana muke ƙirga, shi yana karanto lambar kunne ni ina yin alama a littafi. Lamba ta ɗaya wata jar akuya ce, tana cikin waɗanda suka kwana a ƙirjina cikin mota a wancan sanyin. Sanyin ya cinye mata bakin kunnuwa duka biyu sun guntule, da ƙyar muka samu wurin maƙala lambar. Bana ta haifi tagwaye, karo na uku kenan.